Gyaran da Na Aika Daga Umbadda

Ni ne auta a gidanmu, kuma ni kaɗai na taka jami'a. Babanmu a gonakin audugar Jazira a Sudan ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙwadago, kafin ya tattaro iyalinsa ya zo Umdurman, ya sami ɗan fili a Umbadda, ya kafa teburin yadi a Kasuwar Libiya. Bai ga gama karatuna ba. Bayan rasuwarsa gidan ya rage mu uku: Inna, da Yayata wadda mijinta ke aiki a ƙasar waje, sai ni.

Fiziks na karanta a Khartum, daga baya aka riƙe ni ina taimaka wa malamai koyar da 'yan aji ɗaya. Zuciyata kuwa tana wajen taurari, amma sashenmu ba shi da na'urar hangen nesa ta kirki. Abin da muke da shi intanet ne, shi ma ranar da ya ga dama. A nan na gamu da wani rumbun manhaja da masu binciken taurari na ƙasashe da yawa suke aiki da shi. Kamar akwatin kayan kafinta yake. Wani ya rubuta abin da ke buɗe hoton da na'ura ta ɗauko, wani ya rubuta mai lissafa lokaci, wani mai faɗin inda tauraro yake a sama. Kyauta ne. Kowa na iya ɗauka, kowa na iya kawo gyara, sai dai ba kowa ke da ikon shigar da gyaran ba.

Na fara da gyara wata kalma da aka rubuta ba daidai ba a cikin bayanin manhajar. Aka karɓa, aka yi mini godiya, na yini ina murmushi a cikin bas. Daga nan na zarce. Bayan wasu shekaru shugabar aikin, wata dattijuwa masaniyar taurari da ban taɓa gani ido da ido ba, ta rubuto cewa tana so in riƙe sashen da ke karanta matsayin taurari daga takardun bayanai. Aka ba ni mabuɗi, wato wasu haruffan sirri da ke zaune a cikin kwamfutata, waɗanda da su nake shigar da gyara cikin manhajar da kowa zai sauke. Da na faɗa wa Inna, cewa ta yi, “To su masu taurarin, ba su da 'ya'ya ne a garinsu?” Amma da maƙwabta suka shigo na ji tana ba su labari.

Sai yaƙi ya zo tsakanin runduna biyu. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, duk wanda ya zauna a Khartum ko Umdurman yana da nasa. Jami'a ta rufe, gadoji suka zama wurin mutuwa, wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. Masu bindigar ɓangare ɗaya suka cika unguwarmu, suka kafa shinge a kowace mahaɗa. Da farko mukan ruga ƙarƙashin gado in an harba babbar bindiga, daga baya muka koyi bambanta wadda ke tashi da wadda ke sauka. Abin da ban taɓa sabawa da shi ba shi ne ƙarar mota in ta rage gudu a ƙofar gida. Nan take nakan tsaya cak in kasa kunne, ko da mai kawo ruwa ne.

Kwamfutar na naɗe ta a tsohon zanin Inna na tura ƙasan buhun gawayi. Wani maƙwabcinmu yana da faifan sola, shi yake taimaka mini da caji in na kai ta a ɓoye cikin kwandon wanki. In ta sami wuta sai in rufe ɗaki in buɗe ta in yi aiki ba tare da intanet ba, ina karanta tsofaffin layukan manhajar, ina rubuta gwaje-gwaje. Ba don ana jira na ba. A cikin manhajar ne kawai abu yake lalacewa da dalili, kuma in ka bi a hankali za ka samo dalilin.

Layukan waya sun mutu, amma a kan hanyar Kasuwar Libiya wani mai gyaran waya ya ɗora farantin tauraron ɗan'adam a rufin shagonsa, mutane suna biya su zauna su yi magana da 'yan'uwansu. Kowa ya san da iznin masu bindiga shagon yake buɗe, kuma kullum akwai nasu a ciki. Nakan je da waya kawai, in aika wa mijin Yaya saƙo cewa muna raye, in sauke wasiƙun aiki in karanta a gida.

A cikinsu na tarar da ƙorafin wata ɗaliba daga Kudancin Amurka, mai shirin kare digirinta na uku. Ta ce tana haɗa jerin taurari na wani tsohon bincike da sababbin hotuna, kusan duka sun dace, amma wasu kaɗan sun ɓace, wurinsu babu kowa. Ta ce ta yi makonni tana zargin kanta. A ƙasan ƙorafin mutane biyu sun amsa cewa sashena ne, a jira ni. Dattijuwar ta ƙara da layi ɗaya: “Yana cikin wani hali, kada a matsa masa.” Wannan layin ne ya sa na kasa ajiye maganar.

Na zauna da misalan da ɗalibar ta liƙa. Masana sun raba sama biyu da wani layi, kamar yadda aka raba duniya arewa da kudu. Tauraron da ke kudu da layin ana sa wa lambarsa alamar ɗebewa a gaba, kuma lambar kashi uku ce: digiri, minti, sakan. Da na jera taurarin da suka ɓace sai na ga dukkansu dab da layin suke, ta kudu, ba su kai digiri ɗaya ba. Lambarsu tana farawa da alamar ɗebewa, sai sifiri. Tsohon layin manhajar da ke karanta irin wannan takarda, wanda aka rubuta tun kafin zuwana, yana yanko kashin farko ya mai da shi lamba ya duba ko ƙasa da sifiri take. Sifiri kuwa sifiri ne, ko da alama ko babu. Sai alamar ta faɗi, tauraron ya tsallaka arewa. Taurarin ba ɓata suka yi ba, a ɗaya gefen ake ajiye su.

Na yi gwaji da tauraron da na sani. A cikin taurari ukun nan da ke jere a layi ɗaya lokacin sanyi, na gefe ɗaya yana zaune daidai a irin wannan wuri. Na ba manhajar lambarsa, ta kai shi arewa. Na gyara, ta maido shi. Gyaran bai kai tsawon tafin hannu ba. Na ƙara gwaje-gwaje, na zana hoton yankin don a ga kafin da bayan gyara. Na yi murna har na manta inda nake, sai wata ƙara daga gabas ta tuna mini.

Matsalar ita ce waya ba za ta aika wannan ba. Mabuɗin yana cikin kwamfuta, dole ita za ta je shagon.

Inna tana tankaɗe lokacin da na faɗa mata. Ta ajiye rariyar.

“Auta, kana da hankali kuwa? Wayar hannu ma ƙwacewa suke yi.”

“Inna, ba daɗewa zan yi ba. In aika in dawo.”

“Ita yarinyar, in ba ka aika ba mutuwa za ta yi?”

“A'a.”

“To kai fa?”

Yaya ta ce daga bakin murhu, “Ki bar shi, Inna. Tun da aka fara abin nan ban ga fuskarsa ta saki ba sai jiya.” Sai Inna ta tashi ta ɗauko jakar cefane, ta sa kwamfutar a ƙasa, ta zuba albasa da busasshiyar kuɓewa a kai. Ta ce in bi ta lungun masallaci, kada in hau titi.

Da hantsi na fita. Rabin gidajen lungunmu ƙofofinsu a wangale suke, masu su sun gudu, an kwashe kayan. Na wuce shinge ɗaya, wanda ke gadi ya leƙa jakar, ya ɗauki albasa biyu ya kaɗa mini hannu.

Shagon cike yake, yawanci mata da tsofaffi, kowa ya kafa kai a waya yana magana ƙasa-ƙasa. Masu bindiga biyu suna ciki, saurayi ɗaya a kan kantar shagon yana wasa da waya, da wani babba mai furfura a gemu a kan kujera bakin ƙofa. Na sami lungu na juya wa bango baya, na zaro kwamfutar. Mai shagon ya gan ta, ya zaro ido, ya kau da kai.

Na aika gyaran. Ka'idarmu ita ce ba a shigar da komai sai na'urorin aikin sun gwada shi da dukkan sauran sassan, kuma wannan yana ɗaukar lokaci. Layuka suka fara gudu a fuskar kwamfutar. Don in rage jira na buɗe hoton da na zana, in liƙa wa ɗalibar. Baƙin fili ne da fararen ɗigo, an ja masa layuka a tsaye da a kwance, lambobi a gefe, da jan da'ira a kan tauraron gwaji.

Ban ji tahowar saurayin ba, inuwarsa na gani.

“Ya zol, wannan taswirar ina ce?” Da Larabci ya yi tambayar, “ya zol” kuwa “kai mutum” ke nan.

“Sama ce,” na ce. “Taurari ne.”

“Sama.” Ya sunkuyo. “Jirgin da ya kashe mana mutane shekaranjiya ma daga sama ya zo. Wannan jan da'irar a kan wa ka sa ta?”

“Tauraro ne, wallahi. Ni malamin jami'a ne.”

“Waɗannan da ke gudu fa? Wa kake aika wa?”

“Wata malama ce a ƙasar waje.”

Kafin in rufe baki na san na faɗi mafi munin abin da za a faɗa. Wata mata kusa da ni ta jawo mayafinta ta matsa. Saurayin ya sauke bindigar daga kafaɗa ya ɗora bakinta a kan madannan kwamfutar, haruffa suka yi ta zuba a fuska. Ya ce in tashi. Na san inda ake kai wanda aka ce wa ɗan leƙen asiri, kuma na san mutum biyu a unguwarmu da aka kai ba su dawo ba. Ban san lokacin da na ce ba, da Hausa, a hankali, “Wayyo Allah, Inna ta faɗa mini.”

“Me ta faɗa maka?”

Daga bakin ƙofa muryar ta zo, kuma da Hausa. Mai furfurar ne. Ya taso yana jan ƙafa ɗaya, ya ture bakin bindigar da bayan hannu, ya ce wa saurayin ya koma wurinsa. Hausarsa ba irin tamu ba ce mai cakuɗe da Larabci. Irin ta kakata ce, wadda na rabu da ji tun ina yaro.

“Cewa ta yi kada in fito da ita, Baba,” na ce.

“Ta fi ka hankali. Ɗan wane gari ne kai?”

Na ce a nan aka haife ni, babana a Jazira, kakanni ne suka zo daga yamma a hanyar hajji. Ya gyaɗa kai, ya jawo benci ya zauna har kafaɗarsa tana taɓa tawa. Warin taba da ƙura yake yi. Ya ce in nuna masa. Na rage girman hoton har taurari ukun suka fito a jere. Ya daɗe yana kallo.

“Na san su,” ya ce. “To me ya same su?”

Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa na'ura ce take kuskuren wurin ɗaya daga ciki, ni kuma na gyara. Ya saurara sosai, har da tambaya. Na ɗauka Allah ya kawo mini ɗan'uwa.

Sai ya ce, “Wanda ya san inda tauraro yake, ai ba zai rasa sanin inda jirgi yake ba.”

“Ba ɗaya ba ne, Baba. Wannan lissafin daban ne, ni ban san komai a kan jirage ba.”

“Za ka koya. Yaro mai kai irinka.” Ya juya ya tambayi mai shagon da Larabci ko ya san gidanmu. Mai shagon bai kalle ni ba, ya kwatanta lungun, har da launin ƙofa. Ban riƙe shi a zuciya ba, ni ma da na faɗa. Mai furfurar ya dawo Hausa. “Jibi zan aiko mota, kai da na'urarka. Babbanmu zai so ganinka. Za ka ci, tsohuwarka ta ci, ba mai taɓa ƙofarku. Gama abin da kake yi.”

Na duba fuskar kwamfutar. Layukan sun tsaya, duk gwaje-gwajen sun wuce, alamar gwajin ta zama kore. Na goge haruffan da bakin bindiga ya zuba, na danna, gyaran ya shiga. Sai wani tsoron ya zo mini a kan na farko. In kwamfutar nan ta faɗa hannun wani da mabuɗin a ciki, duk abin da ya shigar da sunana zai shiga, mutane su sauke ba su sani ba. Na buɗe wasiƙa na rubuta wa dattijuwar da Turanci: “Ki soke mabuɗina yanzu. Kada ki tambaye ni dalili.”

“Me ka ce mata?” in ji shi.

“Na ce na gama.”

Ya yi dariya, ya taimaka mini da kansa muka mai da albasar kan kwamfutar. Ya raka ni har ƙofa, ya dafa kafaɗata a gaban kowa, ya ce da ƙarfi, “Ka gai da tsohuwa.” Da na waiga, duk idanun shagon suna kaina, kuma ba kallon tausayi ba ne.

Labarin ya riga ni isa gida. Yaya tana taya matan unguwa dafa abincin sadaka a makarantar da ke bayanmu, can aka kai mata. Na tarar da ita a tsakar gida da ludayi a hannu.

“An ce an gan ka kana hira da su da wani yare, har da dafa kafaɗa. Me ka yi?”

Na zauna a ƙasa na faɗa musu duka. Inna ba ta ce “na faɗa maka” ba, kuma da ta ce da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi: “Jibi ya ce?” Na ce e. Ta ce, “In ka bi su, ranar da waɗancan na ɗaya ɓangaren suka dawo kai za a fara nema. In ka ƙi, su za su neme ka. Ɗauko mini abin.”

Na kwance bayan kwamfutar na zaro ɗan faifan da komai yake ciki, bai fi yatsa biyu ba. Aikina na shekaru yana nan, da hotunan babanmu da ban ajiye a wani wuri ba. Inna ta jefa shi a turmi ta ɗauki taɓarya. Ta daka shi kamar tana dakan kanwa, ba ta tsaya ba sai da ya zama gari da 'yan ƙarafa. Gangar jikin kwamfutar Yaya ta jefa a masai.

Washegari bayan asuba muka fita da ƙullin kaya ɗaya kowa, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Mai amalanken jaki ya zaga da mu ta bayan unguwanni zuwa arewacin Umdurman, inda ƙanin Inna yake, ɓangaren da ke hannun ɗaya rundunar. A kowane shinge nakan sunkuyar da kai, ina jiran in ji an kira ni da Hausa. A shingen ƙarshe, na waɗancan, aka sauke ni, aka bincika wayata, aka tambaye ni me ya zaunar da ni a Umbadda duk tsawon lokacin nan, kuma wa na sani a cikinsu. Na ce ban san kowa ba. Inna ta sauko ta riƙe hannuna ta ce ɗanta ne, malamin makaranta, shi ke jinyarta. Suka gaji suka sake mu.

Sai da muka yi makonni a gidan Kawu kafin na iya buɗe wasiƙun aiki. Dattijuwar ta soke mabuɗin a ranar, ba ta tambayi dalili ba, amma ta yi ta rubutowa tana tambaya ko ina raye. Ɗalibar ta ce taurarinta sun dawo, ta liƙa hoto, ta yi godiya mai tsawo. An ba wani matashi riƙon sashena. A ƙasa kuma wani ya kawo sabon ƙorafi, cewa gyaran nawa yana tuntuɓe in an bar fili tsakanin alamar da sifirin. Gaskiyarsa ne, ban yi tunanin wannan ba. Da babban yatsa, a kan waya, na rubuta wa matashin layin da zai duba.

Maƙwabcinmu mai sola ya fito daga baya, shi ya ba mu labarin gida. Ya ce motar ta zo a ranar da aka faɗa. Sun buga, sun ɓalle ƙofar, sun zazzage buhun gawayi da katifu. Mai furfurar bai shiga ba, ya tsaya a lungu yana tambayar yara ina muka nufa. Ya ce wasu a unguwar har yanzu sun yarda cewa tare da su na tafi.

Yanzu ina koyar da lissafi a wata makaranta kusa da gidan Kawu, kuma ina duba gyare-gyaren wasu a manhajar da kwamfutar aro. Dattijuwar ta ce mabuɗina yana jirana, na ce ta ɗan ƙara riƙewa. Kwanan baya a tashar mota wani dattijo da ban sani ba ya ji ina waya da Inna, ya matso da fara'a ya ce, “Sannu ɗan'uwa, Bahaushe ne?” Na amsa masa da Larabci cewa ban gane ba, na shige motar da ba tawa ba.